Rasuwar Ƙafar Keken Malam Hamma, Wadda Ta Koma Juya Kek

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har yana zuba ta gefe, Malam Hamma Na-Runka, mazaunin Batsari a yanzu, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da matan aure masu sayen kek, da 'yan mata masu leƙe ba su saya ba, rasuwar ƙafar gaba ta kekensa. Ta cika ranar Asabar da hantsi tana bakin aiki, ɗauke da kek mai hawa uku na bikin ɗiyar Hajiya Zuwairatu ta Safana, kek ɗin da tuwon gidan nan gaba ɗaya ya rataya a kansa.

Kafin komai, mai sanarwa yana so jama'a su sani cewa shi ya fara gani. Shi ya fara ganin marigayiya a jingine a rumfar wani dillali, tun gashin kansa na baƙi, mutane na wuce ta kamar kowane wili. Shi ya fara ganin cewa hannun surukarsa Naja'atu, matar ɗansa Kamalu, ya fi ƙarfin tuƙa tuwo kawai. Ranar Asabar ɗin ma, lokacin da idon kowa ke kan kek, nasa idon na ƙasa, a kan cibiyar marigayiya. Duk wanda ya ce ya riga shi, ko dai mantuwa ce ta kama shi, ko kuma Hansai ce, mai ɗakin mai sanarwa, wadda ta saba riga shi komai da baki.

Marigayiya ta yi rayuwa biyu, duka kuma ta yi su da mutunci. A ta farko ita ce a gaba. Duk inda Malam Hamma ya sa kai, ita ke riga shi isa. Ta san hanyar Zakka rami da rami, ta san yashin Karare, ta kai gero kasuwa ta dawo da gishiri, ta taɓa ɗaukar tunkiya mai ciki ba ta yi ƙorafi ba. Ƙaya ta sha ta, kare ya bi ta, rana ta gasa ta. Ranar da mutanen daji suka shigo Runka da rana tsaka, ita ta fitar da gidan nan. Malam Hamma na tuƙi, Hansai na zaune a kariyar bayan keken rungume da tukunya, tana salati tana ba shi umarni a lokaci guda. A nan ne harsashi ya ratsa tsakanin tsinkunan marigayiya, ya lanƙwasa guda ɗaya, ya wuce yana jin kunya. Masu cewa ai tsakuwa ce taya ta taka ta yi tsalle ba su ga komai ba, domin a lokacin suna cikin rumbu. Malam Hamma mutum ne da ya fito daga rijiya da ƙafarsa, ya tsira daga kububuwa, ya tsira daga kwalara, ya kuma tsira daga furar wata mata a Zakka da ba za a ambaci sunanta ba saboda jikokinta na nan. Ya san bambancin tsakuwa da harsashi.

Da aka sauka Batsari sai gona ta zama labari. Gangar jikin keken ta karye a daminar farko, aka jingine marigayiya bayan ɗaki, kaji na kwana a kanta. Gida ya koma kallon a-kori-kurar da Kamalu ke ja wa wani mutum, ranar da hanya ta yi kyau a ci da nama, ranar da ba ta yi ba a sha kunu a yi godiya.

A wannan zaman ne Naja'atu ta ɗauko wasan hannunta. Tukunya ta samu ta zuba yashi, ta ɗora a gawayi, tana gasa kek a gwangwanin madara. Ta ƙulla aisin, kwaɓin sukarin nan na ado, a leda, ta yanke bakin ledar, tana matso fure da ganye da sunan jarirai. Kyauta take kai wa gidan suna. Kamalu kuwa duk ya shigo sai ya ce, “An sake ɓarnar ƙwai ke nan.” Wata rana mai sanarwa na zaune a zaure ya jiyo ta ta bayan katanga tana nuna wa Hansai masu adon kek a waya. “Inna, kin ga su, abin ne ke juyawa, hannunsu na tsaye wuri guda. Da ina da irinsa, da gefen kek ɗina ya yi sumul kamar bangon da aka shafe.” Da Hansai take magana, domin Naja'atu yarinya ce mai tarbiyya. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kiran sunan surukinta ba, ba ta taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, gaisuwa ma a durƙushe take yi tana kallon takalminsa. In tana da magana da shi, ta bakin Hansai take bi.

Malam Hamma ya zagaya bayan ɗaki. Ya kori kaji, ya kwantar da marigayiya a kan gindin wani tsohon kututture, ya kafa sandar cibiyarta a ciki, ya ɗaure mata faranti da waya. Ya sa ɗan yatsa ya ture ta sau ɗaya. Jama'a, ta juya. Ta yi ta juyawa har ya je ya yi alwala ya dawo. Muryarta a ranar ita ce muryarta har ta tsufa: shiiiii, sannan ƙis, a daidai tsinken da harsashi ya lanƙwasa, sannan shiiiii, sannan ƙis. Maƙwabta sun shaida cewa da wannan sautin suke gane an yi ciniki a gidan Malam Hamma.

Nan ta shiga rayuwarta ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙamshi. Sai dai kek na farko da ya sauka daga kanta ya je gidan suna ya dawo da saƙo, wai yana da daɗi amma yana warin gareji. Giris ɗin cibiyarta ne ya hau. Mai sanarwa ya wanke ta tas da ruwan zafi, ya kuma yanke hukuncin da babu mai keke a duk ƙasar Katsina da ya taɓa yankewa: daga ranar, man shanu za ta riƙa sha. Fanta, Bafulatanar da ke kawo wa gidan nono, ita ke kawo shi sabo. Ranar farko ta tsaya tana kallon ana ɗura wa ƙarfe, ta riƙe baki ta ce, “Baba, tun da nake talla ban taɓa sayar wa keke ba. In ce ko furar ma tana sha?” Ta sha man shanu marigayiya, ta yi sheƙi, ta yi santsi, warin gareji ya tafi bai dawo ba.

Halinta kuwa, wa zai ƙirga? Ba ta taɓa neman wutar lantarki ba. Ba ta taɓa cewa batir ya mutu ba. In an ce ta juya ta juya, in an dafa ta ta tsaya, abin da ba a samu ba a wurin wasu da aka daɗe ana zaune da su. Ta ɗauki kek ɗin suna, ta ɗauki na saukar karatu, ta ɗauki na wata malamar asibiti da ta sa aka rubuta sunanta da sunan kyanwarta. Abin da aka soma kyauta ya koma ana sallama a ƙofa ana cewa a yi mana na Juma'a.

Ciwon ajali ya shigo mata sannu a hankali. Garin sukari ya riƙa sauka cikin cibiyarta, ya haɗu da man shanu, suka zama wani abu mai danƙo kamar alewa. Kiyashi suka ji labari. Suka zo da iyalansu, suka yi sahu daga bakin katanga har cikin kututture, suka tare. Muryarta ta sauya, shiiiii ya koma gurrr, ƙis ya koma ƙaƙas. Aka kai ta wurin Armaya'u mai gyaran keke. Ya buɗe, ya leƙa, ya sansana, ya dangwala ya ɗanɗana, sannan ya ce, “Baba, wannan ba gyara take so ba, azumi take so. Boris ɗinta, ƙwayoyin nan na cikin cibiya, sun cinye. Ka daina ba ta man shanu, ka sa mata giris kamar kowane keke.” Mai sanarwa ya naɗe kayansa ya taho. Wadda ta saba da man shanu ba a mai da ita giris da tsufanta, kuma kek ɗin mutane ba zai sake warin gareji ba yana raye. Aka ƙara mata man, aka zagaye kututturen da toka, aka bar wa Allah.

Ana cikin wannan jinya Hajiya Zuwairatu ta aiko daga Safana. Ita ce matar da duk bikin gidanta daga Katsina ake kawo mata kek, kuma matan Safana ba sa sayen ko tsintsiya sai sun ga irin wadda ta saya. Na bikin baya ya iso mata a rushe saboda hanya, shi ya sa ta ce bari ta gwada na kusa. Saƙonta bai da kwana-kwana: “In ya yi kyau, na daina aike Katsina, ni da duk wadda ke jin maganata. In bai yi ba, su ma za su ji.” Kamalu ma ya faɗi tasa, cewa in wannan ya lalace a tattara tukunyar yashi, shi ya gaji da ganin ƙwai na shiga ba ya ganin abin da ke fita. Kuma dole kek ya bar Batsari da azahar, domin babu mai son la'asar ta same shi a hanyar Safana, kowa ya san dalili.

Ranar Asabar aka gama gashi, aka jera hawa uku a kan marigayiya. Nauyin da ba ta taɓa ɗauka ba tun tunkiyar nan. Naja'atu ta shafe shi fari fat, saura zaren fure da zai taso daga gindi ya nannaɗe har sama, wanda shi Hajiya ta nuna a hoto ta ce in babu shi kada a kawo. An yi kwatan zaren ke nan marigayiya ta ce gurrr. Ta ce ƙaƙas. Ta yi wata irin karkarwa, ta ce ƙiiii, dogo, mai ban tausayi, sannan ƙwayoyin boris suka zubo daga cibiyarta suna gangara a tsakar gida, kaji na binsu. Farantin ya karkata. Malam Hamma ya yi tsallen da bai yi ba tun ranar rijiya, ya tare shi da hannu biyu. Kek bai taɓa ƙasa ba. Marigayiya kuwa ta tafi.

Ba a samu damar kuka ba. Aka ɗora farantin a kan turmi ana juya shi da hannu, ya riƙa fizga, fure ya fito kamar sawun kaza, Naja'atu ta goge. Ta gwada zagaya kek ɗin da ƙafarta, zaren ya hau ya sauka kamar hanyar Karare, ta sake gogewa. Hannunta ya saba tsayawa wuri guda, kek ne ke tafiya. Rana na hawa, aisin na laushi, Kamalu na ƙofa yana danna hon. Yarinyar nan ta zauna a bakin ɗaki, leda a hannu, hawaye na sauka ba sauti.

A nan ne mai sanarwa ya cire hularsa a gaban surukarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya naɗe rawaninsa ya yi gammo. A ƙuruciyarsa ya ɗauki buhun gyaɗa a ka daga gona zuwa gari hannuwansa na ɓare rake, kuma Allah da ya yi shi gajere ashe don wannan ranar ya yi. Ya ce wa Hansai, “Ku ɗora mini.”

“Mi za a ɗora maka?”

“Kek ɗin. Ni zan juya.”

“Malam, tsufa ne ko baƙin ciki?”

“Ɗora, rana na tahiya.”

Aka ɗora. Aka kifa turmi a gabansa don Naja'atu ta hau ta kai. Ta tsaya tana murza gefen mayafi, ta juya wajen katanga ta ce, “Inna, a roƙar mini Baba gafara, zan hau sama da shi.”

“An yafe,” in ji mai sanarwa.

“Ba kai aka faɗa wa ba,” in ji Hansai. “Malam, an ce ka yafe.”

“Na ce an yafe!”

“An ce an yafe, hau.”

Ta hau. Malam Hamma ya soma juyawa da ƙananan taku, diddige na bin diddige, wuya a tsaye kamar an dasa.

“Inna, a ce wa Baba ya ɗan rage sauri.”

“Malam, ba gudun Runka ba ne!”

“Inna, a ce wa Baba ya ɗan ƙara.”

“Malam, ko barci kake?”

“Inna, a ce wa Baba kada ya yi magana, kek na rawa.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Hansai. “Shekara da shekaru ina neman mai faɗa masa haka.”

Haka aka yi ta yi. Gumi na bin bayansa, tsakar gida na wucewa ta gabansa tana dawowa, ga randa, ga Hansai, ga ƙofa, ga Kamalu da ya bar hon ya shigo ya tsaya baki buɗe, ga randa kuma. Ɗigon aisin ya sauko a gemunsa, bai lasa ba, duk da Hansai ta rantse ta ga harshe. Da aka kai hawa na uku garin sukari ya shiga hancinsa, atishawa ta taso tun daga ƙirji, irin wadda ke korar awaki. Hansai ta gani a fuskarsa. Ta yi wuf ta matse masa hanci da yatsu biyu, ta shiga juyawa tare da shi, tana addu'a ƙasa-ƙasa, tsoho da tsohuwa na zagaye a tsakar gida kamar yara. Atishawar ta koma inda ta fito.

Sai aka ji murya daga saman turmi, ba ta bi ta kan kowa ba: “Baba, tsaya. An gama.”

In ban da gaisuwa, maganarta ta farko ke nan gare shi kai tsaye tun da aka ɗaura aurenta. Ita kanta da ta ji abin da ta yi, ta sauko ta gudu ɗaki. Kamalu ya sauke kek. Malam Hamma ya zauna a ƙasa, amma Batsari ta ƙi zama. Katanga na tafiya, rufin ɗaki na tafiya, ya ɗaga ido ya ga Hansai guda uku, abin da bai taɓa roƙon Allah ba. Wanda ya ga wani layi ya karkace a takardar nan ya yi haƙuri, kan mai sanarwa bai gama tsayawa ba har yau.

Kamalu mai cewa ɓarnar ƙwai shi ya hana fasinja kujerar gaba, ya zaunar da kek, ya ɗaure shi da zani, ya tafi Safana kamar mai ɗauke da majinyaci. Kafin magariba saƙon murya ya shigo wayar Naja'atu, Hajiya Zuwairatu na magana, bayanta guɗa na tashi: “Ke yarinya, amarya ta hana a yanka! Sai hoto ake yi da shi. Ki tanadi fulawa, mata na nan tahe.” Sun kuwa taho. Yanzu haka akwai na suna biyu da na biki ɗaya a gaba, Kamalu da kansa ke zuwa sayen ƙwai, har yana ɗaga su a rana yana dubawa.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwarta, ƙafar baya, wadda ke aiki a kurar wani mai sayar da ruwa, an aika mata amma aiki bai bar ta ta zo ba. Ta bar sirdi, wanda ya zama kujerar mai sanarwa a zaure. Ta bar ƙararrawa a wuyan akuyar Hansai. Ta bar abokiyar aikinta tukunyar yashi, wadda tun ranar ba ta huce ba, da gwangwanaye manya da ƙanana, da ledoji masu yankakken baki. Ta kuma bar kiyashi masu tarin yawa, waɗanda suka ci arzikinta tana raye, kuma ana roƙonsu kada su zo gaisuwa.

Game da sutura, an je wa Liman da maganar, ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma mai sanarwa ya karɓi fatawa. Saboda haka ranar Talata bayan la'asar za a wanke ta da ruwan zafi, a shafa mata man shanu na ƙarshe wanda Fanta ta ce ita ta ɗauki nauyinsa, a naɗe ta a farin buhun fulawa, a rataye ta a bangon zaure sama da inda mai gida ke zama. Ana gargaɗin masu sayen tsohon ƙarfe da suka soma shawagi a ƙofar gida da ma'auninsu cewa an gan su. Armaya'u na iya zuwa, amma ya bar giris ɗinsa a rumfa. Maza za su zauna a zaure, mata a cikin gida, za a raba guntayen kek da ake yankewa wajen daidaita kai, kowa ɗaya, ban da mai dawowa layi da wata hula. Majuyin roba da Kamalu ya aika a sayo daga Katsina, in ya iso, zai jira a waje sai an tashi daga zaman makoki. Kafin nan masu son kek kada su fasa aikowa, Malam Hamma na nan da gammonsa.

An ji kuma cewa wasu a majalisar mai shayi na cewa ƙarya ce, wai tsoho ba zai juya da kek hawa uku a ka ba. Madalla. Su zo ranar Talata tun kafin a watse. Za a ajiye gammo a tsakar zaure, da faranti, da ƙwarya cike da nonon Fanta har baki. Mai shakka ya cire hularsa a gaban jama'a, a ɗora masa, ya juya. In ɗigo ɗaya ya zuba, shi zai tankaɗe yashin tukunya har ƙarshen wata. Ba zai tsaya ba sai Hansai ta ce ya tsaya, kuma mai sanarwa na shaida masa tun yanzu, don kada ya ce ba a faɗa masa ba: Hansai ba ta da saurin cewa.